Larurar Mai Mulki a Gaban Alƙali: Shari'o'in Pakistan a Ma'aunin Fiƙihu

Ranar 10 ga Nuwamba, 1977, alƙalai tara na Kotun Ƙolin Pakistan suka yanke hukunci a ƙarar da Begum Nusrat Bhutto ta shigar saboda tsare mijinta, Zulfikar Ali Bhutto, da wasu jagororin jam'iyyarsa. Wata huɗu kafin nan Janar Ziya'ul Haƙ ya kifar da gwamnatin Bhutto, ya jingine kundin tsarin mulkin 1973, ya shimfiɗa dokar soja. Bakin alƙalan ya zo ɗaya. Sun yarda cewa abin da janar ya yi ba ya cikin kundi, amma suka ce larura ta halatta shi, har suka ba shi ikon yi wa kundin kansa gyara. Ɗaya daga cikinsu, Muhammad Afzal Cheema, ya rubuta nasa ƙarin bayani inda ya nemo wa hukuncin madogara daga Alƙur'ani da fiƙihu, yana nuna cewa Musulunci ma ya san larura, kuma tana halatta abin da aka hana.

Ba wanda ya yi karatun fiƙihu da zai musa wannan ƙa'ida. Abin da nake jayayya da shi shi ne yadda aka ɗauko ta tsirara, aka baro sharuɗɗanta a cikin littattafai. A fahimtata, fiƙihun larura bai keɓe mai mulki daga binciken alƙali ba. Shi ne ma ya wajabta binciken, domin larura da'awa ce mai sharuɗɗa, kuma wanda ya yi da'awa ba ya zama alƙalin da'awarsa. Na zaɓi Pakistan ne saboda a can aka fi daɗewa ana wannan muhawara a gaban kotu, kuma cikin shekara biyar kacal aka kafa hujja da Musulunci sau biyu, aka fito da sakamako biyu masu karo da juna.

Asalin abin ba daga fiƙihu ya fito ba, kuma yana da kyau a san haka. A watan Oktoban 1954 Gwamna-Janar Ghulam Muhammad ya rushe majalisar da ke tsara wa ƙasar kundin mulki. Shugabanta, Maulvi Tamizuddin Khan, ya kai ƙara ya yi nasara a Sindh, amma Kotun Tarayya ƙarƙashin Muhammad Munir ta juya hukuncin a 1955. Juyawar ta jefa dokoki masu yawa cikin shakka, sai gwamna-janar ya nemi ya farfaɗo da su da dokar gaggawa. Da farko kotun ta hana shi a shari'ar Usif Patel, daga baya ta buɗe masa ƙofa da sunan larura, ta jingina da maganar Bracton, masanin shari'ar Ingila na ƙarni na 13. A 1958, bayan an soke kundin 1956, Munir ɗin dai ya sake halatta abin da aka yi a shari'ar Dosso, wannan karon da ra'ayin Hans Kelsen cewa juyin mulkin da ya yi nasara shi da kansa tushen sabuwar doka ne. Babu Malik a nan, babu Abu Hanifa.

Lokacin da Musulunci ya shigo maganar da ƙarfinsa, ya shigo ne a ɓangaren wanda aka tsare. A watan Afrilun 1972, a ƙarar da Asma Jilani ta shigar don a saki mahaifinta, Malik Ghulam Jilani, Alƙalin Alƙalai Hamoodur Rahman ya yi watsi da hukuncin Dosso. Ya ce idan har ana neman tushen da dokokin Pakistan suka tsiro daga gare shi, to yana cikin Ƙudurin Manufofi na 1949, wanda ya tabbatar cewa mulki na Allah ne, mutane kuwa amana aka ba su su gudanar ta hannun wakilan da suka zaɓa. A kan haka kotu ta kira tsohon shugaban mulkin soja, Janar Yahya Khan, maƙwacin mulki. Shekara biyar bayan nan aka zo ga hukuncin 1977. Tambayar da ta rage wa ɗalibin fiƙihu ita ce, cikin hukunce-hukuncen nan biyu wanne ne ya karanta malamai daidai?

Larurar wa, kuma a kan wuyan wa?

Ayoyin da ake kafa hujja da su, kamar ta 173 a Suratul Baƙara, suna magana ne a kan mutumin da yunwa ta kai shi bakin halaka, bai sami komai ba sai mushe ko makamancinsa. An ɗauke masa laifi bisa sharaɗin kada ya zama mai nema don sha'awa, kada kuma ya ƙetare iyaka. Mazhabarmu ta Malikiyya ma ta fi wasu yalwatawa a nan, don duk wanda ya karanta Risala ya san an yarje wa wanda ya matsu ya ci har ya ƙoshi, ya kuma yi guzuri. Amma a wurin nan dai aka ce da zarar ya wadatu ya jefar da abin da ya rage. Rangwamen yana tafiya ne da dalilinsa, ranar da dalilin ya gushe shi ma ya gushe.

Malaman da suka tsara Majalla, kundin dokokin mu'amala na Daular Usmaniyya ta Turkiyya, tsakanin 1869 da 1876, sun jera waɗannan ƙa'idoji kusa da juna yadda ba za a iya ɗaukar ɗaya a bar sauran ba. Sashe na 21 shi ne mai halatta abin da aka hana saboda larura. Na 22 ya ce ana auna ta gwargwadonta. Na 23 ya ce abin da ya halatta don uzuri yana ɓaci idan uzurin ya kau. Akwai kuma na 33, wanda ban cika jin masu kare dokar ta-ɓaci suna ambatonsa ba: matsuwa ba ta kashe haƙƙin wani. Wanda yunwa ta sa ya ci abincin maƙwabcinsa ba shi da zunubi, amma a wurin mafi yawan malamai zai biya. Malikawa suna da nasu bayani a kan wanda ba shi da abin biya, sai dai ba wanda ya ce dukiyar maƙwabcin ta tashi daga zama tasa.

A nan ƙiyasin da aka yi a 1977 ya karye. Mai cin mushe kansa ya shafa. Shi ya ji yunwar, shi zai haɗiye abin ƙyama, kuma ƙyamar ita ce mai tsaronsa, don ba mai lafiyar hankali da zai ƙirƙiri yunwar ƙarya saboda ya ci mushe. Shi ya sa shari'a ta bar wa zuciyarsa hukunci. Mai mulki kuwa ba haka yake ba. Abin da larura ke buɗe masa ba abin ƙyama ba ne, abin marmari ne: iko ba tare da majalisa ba, tsarewa ba tare da tuhuma ba, zama a kan kujera ba tare da zaɓe ba. Waɗanda za su ɗanɗana ɗacin kuwa wasu ne daban. Idan amfanin da'awa na mai yin ta ne, cutarwarta kuma ta wasu ce, to mun bar babin abinci mun shiga babin shari'a, inda doka take cewa hujja tana kan mai da'awa.

Al-Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ga wannan haɗarin sarai. A cikin Al-Mustasfa ya kawo misalin maƙiyan da suka yi garkuwa da fursunonin Musulmi, ya tambaya ko ya halatta a yi harbi alhali za a sami marasa laifi. Ya yarda, amma da sharuɗɗa masu tsauri: maslahar ta kasance ta larura ba ta jin daɗi ba, ta kasance tabbatacciya ba zato ba, ta kuma game al'umma duka. Don kada a faɗaɗa maganarsa, ya kawo misalin jirgin ruwan da ke neman nutsewa, ya ce bai halatta a jefa mutum ɗaya a ruwa don sauran su tsira ba, saboda mutanen jirgi adadi ne ƙididdigagge, ba al'umma ba ce. Duk wanda ya ce tabbatacciya ba zato ba, ya riga ya buɗe ƙofar tambaya: ina hujjar tabbacin, kuma a gaban wa za a ajiye ta?

Abin da malamai suka yi da sarakuna

Ba a takarda kaɗai aka yi wannan magana ba. Wurin da ta fi fitowa fili a tarihi shi ne harajin gaggawa, lokacin da sarki ya ce abokan gaba sun taso kuma baitulmali ya ƙare. Al-Juwaini ya tattauna shi a Giyasul Umam, Ash-Shaɗibi ma ya yi a Al-I'itisam, dukansu sun halatta bisa sharuɗɗa. Amma labaran da suka fi koyarwa su ne na ranar da aka zo aiwatarwa.

Ibn Khallikan ya kawo cewa Yusufu ɗan Tashfin, sarkin Murabiɗai, ya nemi mutanen Andalus su ba da gudummawar yaƙi, yana cewa malamai sun ba shi fatawa bisa abin da Sayyidina Umar ya yi. Alƙalin Almeriya, Ibnul Farra'i, ya rubuta masa amsa. Bai ce larura ba ta halatta karɓa ba. Cewa ya yi Umar bai karɓi komai ba sai da ya shiga masallaci ya rantse cewa babu ko dirhami a baitulmali, don haka shi ma sarki ya shiga masallaci a gaban malamai ya yi irin wannan rantsuwa, sannan ya cancanci a ba shi. A duba abin da alƙalin nan ya yi da kyau. Ya karɓi ƙa'idar, ya ƙi karɓar da'awar sai da hujja. Ya mai da sarkin da ya ci yaƙin Zallaƙa mai ƙara kamar kowa, ya kuma sa tabbatarwar ta zama a bainar jama'a. Idan aka cire sunaye, wannan shi ne ainihin aikin da ake nema daga kotun tsarin mulki a yau.

A Masar, bayan faɗuwar Bagadaza a 1258, Sarki Ƙuɗuz ya tara malamai yana son karɓar dukiyar jama'a don tarar Mongol. Larurar nan ba mai shakkarta, ba a taɓa ganin irinta ba. Duk da haka Izzuddin ɗan Abdussalam ya ce ba za a taɓa dukiyar talakawa ba sai baitulmali ya ƙare, sai kuma sarakunan yaƙi sun sayar da kayan ƙawarsu na zinariya sun koma daidai da kowa, kowannensu daga dokinsa sai makaminsa. An yi yaƙin Ainu Jalut a 1260, an kuma yi nasara. Sharaɗin malamin bai hana kare ƙasa ba.

Wannan fiƙihun ya iso ƙasar Hausa tun ƙarni na 15. A cikin nasihar da Al-Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wadda aka sani da Tajuddin, ya yi bayanin cewa idan musiba ta auku, baitulmali ba komai, kuma ba wata hanyar tunkuɗe cutar sai da dukiyar mutane, to taimako ya wajaba a kansu gwargwadon halin kowa, ba tare da an mai da abin na dindindin ba. Misalin da ya bayar shi ne rushewar ganuwa a wurin da ake tsoron hari. Ganuwa abu ce da kowa ke gani da idonsa. Ana sanin ranar da ta faɗi, ana kuma sanin ranar da aka gama ɗaga ta.

Shin ɓataccen umarnin sarki yana zartuwa?

Wani zai ce duk wannan nasiha ce da fatawa, ba hukunci ba. Malami ya faɗa, sarki ya ga dama ya ji. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma Al-Ƙarafi, babban malamin Malikiyya da ya rasu a 1285, ya wuce nasiha. A cikin Al-Furuƙ ya kafa cewa duk wanda aka ɗora wa wani shugabanci, daga halifa har zuwa wasiyyin maraya, ba a ba shi ikon yin komai ba sai abin da zai jawo maslaha ko ya tunkuɗe ɓarna. Abin da ya fita daga wannan da'ira shugabancin bai ƙunshe shi ba tun farko, don haka ba ya zartuwa. Bambancin yana da girma. Ba cewa ake yi sarki ya yi zunubi amma umarninsa ya zauna ba. Cewa ake yi a wannan aikin ba shi da iko, kamar yadda cinikin wasiyyin da ya karyar da gonar maraya yake warwarewa. Sashe na 58 na Majalla ya ɗauko wannan ma'ana. A wani littafin nasa, Al-Ihkam, Al-Ƙarafi ya rarrabe fatawa da hukuncin alƙali da umarnin shugaba, wanda ke nuna cewa umarnin shugaba nau'i ne mai iyakokinsa, ba shi ne shari'a ba.

Idan aiki yana iya zama ɓatacce, dole a sami mai furta ɓacinsa. Al-Mawardi, a Al-Ahkamus Sulɗaniyya, ya sa wannan a hannun mai kula da mazalim, wato zaman sauraron koke a kan masu iko. Farkon abin da ya lissafa a huruminsa shi ne zaluncin gwamnoni a kan talakawa, sai wuce iyakar masu karɓar haraji, kuma ya ce waɗannan ba sai an jira mai ƙara ba. Ba zan ɓoye raunin wannan tsari ba. Sarki ne ke naɗa mai mazalim, sau da yawa ma shi ne ke zama da kansa, don haka ya fi tasiri a kan hakimai fiye da kan mai naɗa hakimai. Magabata sun bar mana ƙa'ida cikakkiya da ma'aikata ragaggiya. Duk mai cewa kotun tsarin mulki ta zamani tana nan tun zamanin Abbasiyawa ya yi wa tarihi ƙari.

Abin da ya cike giɓin shi ne alkawari. Shugaban wannan zamani ba da takobi ya gaji kujera ba, rantsuwa ya yi a kan kundi, kuma kundin ne ya faɗi yaushe za a kafa dokar ta-ɓaci, wa zai amince da ita, tsawon wane lokaci, wace kotu ce kuma za ta fassara. Farkon Suratul Ma'ida umarni ne da cika alkawura, kuma sananne ne a fiƙihu cewa Musulmi suna kan sharuɗɗan da suka ƙulla matuƙar ba su halatta haram ba. Sharaɗin cewa alƙali zai duba aikin shugaba bai halatta wani haram ba. Saboda haka shugaban da ya toshe wa kotu hanya ya saɓa abu biyu a lokaci guda, sharuɗɗan larura da sharuɗɗan mubaya'arsa.

Hujjar da ta fi nauyi a ɗaya ɓangaren

Akwai abin da masu goyon bayan hukuncin 1977 za su riƙe, kuma ba ƙarami ba ne. Fiƙihun Ahlus Sunna ya daɗe da amincewa da mulkin wanda ya yi rinjaye da ƙarfi. Al-Mawardi kansa ya yi babin sarautar da aka ƙwata, Al-Gazali ya karɓi sarakunan zamaninsa don larura, Ibn Jama'a kuwa ya fi su sakin jiki. Dalilinsu tsoron fitina ne, kuma wanda ya ga abin da yaƙin basasa ke yi wa gari ba zai raina wannan tsoro ba.

Sai dai a lura da abin da suke ƙoƙarin ceta. Damuwar Al-Gazali ita ce, idan aka ce babu halattaccen shugaba, to alƙalai sun tuɓe, aurarrakin da suka ɗaura sun warware, hukunce-hukunce sun zube. Talaka ake ceta daga rikicewar rayuwarsa, ba kyauta ake yi wa maƙwaci ba. Kuma ko a wurin Al-Mawardi, amincewar tana tare da sharaɗin tsayar da shari'a da karɓar dukiya ta hanyar da ta halatta. Wannan rarrabewa ita ce Hamoodur Rahman ya yi a 1972, lokacin da ya ce kotu za ta iya kau da kai ga wasu ayyukan maƙwaci, kamar waɗanda aka riga aka gama da waɗanda tafiyar da ƙasa ba ta yiwuwa sai da su, ba tare da ta halatta ƙwacen ba. A ganina wannan ya fi kusa da malamai nesa ba kusa ba. Hukuncin 1977 ya ɗauki rangwamen da aka yi don jama'a ya miƙa wa janar, har da alƙalamin gyara kundi, abin da babu wata yunwa da ke buƙatarsa.

Hujja ta biyu ita ce alƙali bai san sirrin tsaro ba, kuma gaggawa ba ta jiran zaman kotu. Gaskiya ne shugaba ne zai fara ɗaukar mataki, ba wanda ya ce ya nemi izinin kotu kafin ya tura soja inda ake kashe mutane. Amma tambayoyin da fiƙihu ya gindaya ba na dabarun yaƙi ba ne. Shin abin ya auku ko tsoronsa ake yi? Dokokin da ke akwai sun gaza ne? Wanda aka tsare yana da alaƙa da haɗarin? Yaushe za a gama? Alƙalin da ke iya tantance ko wasiyyi ya ci amanar maraya zai iya tantance waɗannan. Ko Sayyidina Umar, da annobar Amwas ta tare shi a hanyar Sham, bai yanke shi kaɗai ba, sai da ya kira Muhajirai, ya kira Ansar, ya kira dattawan Ƙuraishawa. A shekarar fari ta 18 bayan Hijira kuwa, matakan da ya ɗauka sassauci ne ga jama'a da tsanani ga kansa: ya dakatar da yanke hannun ɓarawon da yunwa ta kora, ya haramta wa kansa nama da mai. Yana da wuya a kafa hujja da wannan don ƙara wa mai mulki iko.

Abin da ya biyo baya a Pakistan ya isa sharhi. Ziya'ul Haƙ ya yi alkawarin zaɓe cikin kwana 90, ya ɗage shi a farkon Oktoban 1977, wato tun kafin kotu ta yi hukunci, amma duk da haka kotun ba ta yanka masa wa'adi ba. Larurar da ba a auna ba ta kai har ƙarshen 1985 kafin a ɗage dokar soja. An rataye Bhutto a watan Afrilun 1979. Alƙalin Alƙalai Anwarul Haƙ ya riƙe wa kotuna ikon duba ayyukan soja a hukuncin 1977, amma a 1981 janar ya fito da dokar wucin gadi da ta ƙwace wannan iko, ya nemi alƙalai su sake rantsuwa, shi Anwarul Haƙ ɗin ya ƙi, ya bar kujera. A watan Mayun 2000 kotu ta sake halatta juyin mulkin Janar Pervez Musharraf da sunan larura, ta ba shi shekara uku. Ranar 3 ga Nuwamba, 2007, Musharraf ya kafa dokar ta-ɓaci daidai lokacin da kotu ke shirin yanke hukunci a kan cancantarsa ta tsayawa takara, kuma cikin dalilan da ya bayar har da cewa alƙalai suna yi wa gwamnati katsalandan. A nan larurar ƙasa da larurar mai kujera sun rabu a fili. Malamai sun yi saɓani a kan ko mai tafiyar saɓo yana samun rangwamen tafiya, amma ban ga yadda za a kira tsoron hukuncin alƙali larurar da ke halatta tuɓe alƙali ba.

Matsalar lokaci

Ranar 31 ga Yuli, 2009, Kotun Ƙoli ƙarƙashin Iftikhar Muhammad Chaudhry ta soke matakan 2007 gaba ɗaya, sannan gyaran kundi na 18 a 2010 ya hana kowace kotu halatta jingine tsarin mulki. Abin a yaba ne. Amma akwai abin da ke damuna a hukunce-hukuncen nan masu kyau: an kira Yahya Khan maƙwaci bayan ya sauka a Disambar 1971, an soke dokar Musharraf bayan ya yi murabus a Agustan 2008. A Masar ma, Kotun Tsarin Mulki ta soke sashen dokar ta-ɓaci ta 1958 mai ba da damar kame da bincike ba tare da bin ƙa'ida ba a watan Yunin 2013, a ƙarar da ta shekara kusan 20 tana jira, bayan ta-ɓacin da aka kafa a 1981 ta riga ta ƙare. Ga wanda ya tsufa a kurkuku, wannan ihu ne bayan hari. Ibnul Farra'i ya nemi rantsuwa kafin a karɓi dirhami, ba bayan an kashe shi ba.

Yin magana a kan lokaci yana da tsada, kuma an ga tsadar. A daren 3 ga Nuwamba, 2007, alƙalai bakwai na Kotun Ƙolin Pakistan sun fitar da umarnin hana aiwatar da dokar, aka fitar da su daga kotu aka tsare su a gidajensu. A Nijar, a watan Yunin 2009, Kotun Tsarin Mulki ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazeye ta soke kiran ƙuri'ar raba gardamar tazarce, sai Shugaba Mamadou Tandja ya ɗauki ikon gaggawa ya rushe kotun. Duk da haka waɗannan hukunce-hukunce ba su tafi a banza ba, domin sun hana a ce an yi abin da yawun shari'a, kuma a kan umarnin alƙalan nan bakwai aka gina hukuncin 2009.

Indonesiya ta gwada wata hanya mai sauƙin tsada. Kundinta ya ba shugaban ƙasa ikon fitar da doka a madadin ta majalisa idan matsi ya tilasta. A 2010 Kotun Tsarin Mulkin ƙasar ta ce tana da hurumin duba irin waɗannan dokoki, ta kuma gindaya cewa sai akwai buƙatar gaggawa, dokar da ake buƙata babu ita ko ba ta wadatar ba, kuma bin hanyar majalisa zai ɗauki lokacin da ba a da shi. Mai karatun Al-Gazali zai gane waɗannan sharuɗɗa. Sai dai an sha ganin majalisa ta amince da dokar kafin kotu ta gama sauraro, sai a ce ƙarar ta rasa abin da take ƙalubalanta.

Irin wannan ƙofar ce fiƙihu ya rufe, kuma ta shafe mu kai tsaye a Najeriya. A watan Mayun 2004 Shugaba Olusegun Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Filato ƙarƙashin sashe na 305, ya dakatar da Gwamna Joshua Dariye da majalisar jiha na wata shida, ya naɗa Janar Chris Alli kantoma. Da ƙarar ta kai ga hukunci a Kotun Ƙoli a 2006, wa'adin ya daɗe da cika, aka kuma kore ta bisa dalilin cewa ba a shigar da ita da izinin mai riƙe da jihar a lokacin ba, wato kantoman da ake ƙalubalantar naɗinsa. Ba a taɓa gundarin tambayar ba a wannan shari'a. Da an bi ƙa'idar cewa matsuwa ba ta kashe haƙƙin wani, da ƙarewar wa'adi bai rufe magana ba, don wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana bin diyya, wanda aka rufe wa kasuwa yana bin asararsa, masu zaɓen da aka raba da wakilansu kuma suna bin bayani. Kuma da ba a nemi izinin shigar da ƙara daga hannun wanda ƙarar take nema ta tuɓe ba.